Zanen Da Amani Ya Goge

Salamu alaikum, masu bibiyata. In kun ga kuskure a wannan rubutu na yau ku yi mini uzuri. Wanda bai san ni ba, sunana Hamida, ina zaune a Urafane wurin kakata, Kaka Ladi, wadda ta goya ni tun ina rarrafe. Babana Lawali ya rasu ban yi wayo ba, mahaifiyata kuma ta yi wani aure a Maraɗi. Wanda nake so sunansa Amani, yana da shagon ɗaukar hoto a Tasawa, kuma Juma'ar nan ake sa ran magabatansa za su taso daga Issawane su nemi aurena a hannun Baba Danda, ƙanen babana.

Kafin Baba Danda ya yarda da zuwan nan sai da Kaka ta sha fama. Shi a wurinsa Amani ba shi da wani aibu sai ɗaya: Buzu ne. "Ba mu san su ba, ba su san mu ba," abin da yake ta maimaitawa ke nan, sai ka ce ba kasuwa ɗaya muke ci da su ba tun kaka da kakanni. Baba Danda mutum ne mai ji da asalinsa. Zanen gidanmu na nan shimfiɗe a kumatunsa, daga gefen baki har kusa da kunne, kuma in ya zauna ya fara kukan zamani, mu 'yan baya da ba a yi wa aska ba yakan ce fuskokinmu kamar sabuwar ƙwarya suke, ba a san ta wane gida ba ce. Da ƙyar dai ya ce su zo, amma ya faɗe ta ne yana kallon bango.

To, ga abin da ya faru.

A duniyar nan hoton babana guda ɗaya ne tak. Ƙarami ne, cikin gilashi, an ɗauke shi a kasuwar Mayahi yana sanye da babbar riga ruwan ƙasa. Kaka na naɗe shi cikin tsohuwar hularsa, ta ajiye can ƙasan akwatin ƙarfenta, ƙarƙashin gado. Ba ta fito da shi sai in wani babban abu ya taso a kaina. Ranar da zan tafi jarrabawar birebe, wadda ake yi a ƙarshen ƙaramar sakandare, ta jingina shi a jikin kwalla ta ce, "To, ga ta nan za ta," sannan ta mayar. Don haka ko tantama ba na yi, ranar Juma'a da safe za ta buɗe akwatin nan.

Ruwan da aka yi a watan jiya kun san shi, kowa ya ji a jikinsa. Namu rufin ya yi yoyo ta kusurwa, ruwa kuma ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, muka kwashe, muka ɗauka shi ke nan. Sai ranar Lahadi da rana ta buɗe sosai, Kaka ta tafi barkar haihuwa, na ce bari in fitar da kayan ɗaki in shanya. Ina jawo akwatin wani wari ya buge ni. Zannuwan sama lafiya lau, amma da na kai ƙasa sai na ji hannuna cikin danshi. Ashe gindin akwatin ya yi tsatsa ya huje, ruwa ya shiga ya kwanta abinsa tun ranar.

Na warware hular. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Hoton ya manne da gilashin, fumfuna ta cinye gefe guda, kore da baƙi irin wadda ke fitowa a kan tuwon da aka manta. Babbar rigar ta narke ta zama wani jirwaye. Fuskar kuma duk ta tsattsage, layi a kan layi, da ƙyar nake gane ido daga hanci. Ni da rashin haƙuri sai na sa farce a gefe na ɗan ja. Na ji wani ɗan ƙaramin sauti, na duba, kafaɗar babana ta rabu biyu, rabi a takarda rabi a gilashi.

Na ɗauki talho, wato wayata, na tura wa Amani hoton abin ta Wasaf. Ko minti ba a yi ba ya amsa.

"Kar ki goge shi. Kar ki sa shi rana. Kar ki yi ƙoƙarin raba shi da gilashin."

"Na riga na ɗan ja da farce," na rubuta.

Ya turo mini ɗan mutumin nan mai dafe kai da hannu biyu, sannan ya ce, "Naɗe shi cikin busasshen tsumma ki kawo mini gobe. Ki daina kuka, na san kina yi."

Gaya wa Kaka kuwa ban ko fara tunaninsa ba. Tsohuwar nan tana da tansiyo, wato hawan jini, bara ma sai da aka kwantar da ita a gidan likita, kuma ban san abin da zai same ta ba in ta ga fuskar ɗanta a haka. Sai na yanko kwali daidai girman hoton, na naɗe cikin hular bayan ta bushe, na mayar ƙasan akwati. Da ta dawo ta ga kaya a shanye har albarka ta sa mini, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Washegari na ce za ni Tasawa sayen lalle da turaren wuta saboda baƙin Juma'a. Na sa atamfata mai ganyen shuɗi, na zumbula hijabi ruwan toka, hoton na cikin jaka na rungume a ƙirji. Duk ramin da ɗan kabu-kabu ya faɗa sai in ji kamar gilashin ne ya fashe.

Shagon Amani ɗan ƙarami ne, labulen bayansa an zana wani katafaren bene da furanni wanda duk amaryar ƙauyukan nan ta taɓa tsayawa a gabansa. Na same shi cikin shadda shuɗiya, rawani zube a wuya. Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya rufe hanci da baki, ya fita da hoton ƙofar shago, ya ɗauko wani lallausan burushi irin wanda mata ke shafa hoda da shi, ya riƙa kaɗe fumfunar bayan takardar a hankali kamar mai share idon jariri.

"Ba zan ɓamɓare shi ba," ya ce. "Fumfuna ta ci saman takardar. In na jiƙa shi don ya saki gilashin, fuskar za ta bi ruwa. Haka zan ɗauke shi da gilashin nasa, in gyara cikin ordinatar, in fiddo sabo."

"Zai dawo kamar da?"

"In sha Allahu. Kafin Juma'a."

Ya ɗora shi a kan na'ura, wani haske ya ratsa, sai ga fuskar ta cika allon ordinatar, wato kwamfutarsa. Duk tsagar nan ta ƙara girma, kamar tabkin da ya ƙafe. Kallo ɗaya na yi na kau da kai, hawaye suka zubo, na ce ni zan tafi kar Kaka ta ga na daɗe. A nan ne ya kamata in yi magana, ban yi ba. Amma ku gaya mini tsakaninku da Allah, wa zai tsaya yana cewa ubansa na da zane? Ni a wurina kamar in ce masa ubana na da hanci ne.

Ranar Laraba da hantsi ina wanke-wanke talho ya yi ƙara. Amani ne: "Rufe ido, sannan ki buɗe." Sai hoto ya shigo.

Na goge hannu a zane na buɗe. Ga babbar riga ta dawo da aikinta na wuya, ga hula, ga idanu farare tas, irin nawa sak. Ban taɓa ganin babana a fili haka ba. Na yi murmushi, na kai talhon kusa da fuskata, sai murmushin ya tsaya. Mutumin kyakkyawa ne, amma akwai abin da ba daidai ba, na rasa ko mene ne. Na ja hoton da yatsu biyu ya ƙara girma. Kumatunsa sumul suke, ko ɗigo babu.

Na zagaya bayan rumbu na kira shi.

"Amani, ina zanen?"

"Wane zane?"

"Zanen babana. Askar gidanmu. Irin ta Baba Danda."

Ya ce, "Innalillahi. Hamida, na'urar ita ta fara share tsagar, ni na bi sauran da hannu. Na ga wasu layuka sun miƙe ƙwarai a kumatu, sai na tuna kin ce kin sa farce. Na ɗauka farcenki ne."

"Farcena a kafaɗa ya tsaya."

"Mu gidanmu ba a yi, ban kawo shi a raina ba. Wallahi ban kawo ba."

"To maida su yanzu."

"Ina da na farkon, amma ban san wanne ne zane wanne ne tsaga ba. Sun haɗe. In na yi da ka, zan ƙara mishi wanda ba nashi ba." Ya ja numfashi. "Kuma akwai wata magana. Kar ki yi fushi."

Duk macen da aka taɓa ce wa kar ta yi fushi ta san abin da ke biyowa ba alheri ba ne. Ashe bawan Allahn nan, don murnar aikinsa ya yi kyau, tun da safe ya ɗora hoton a statu ɗinsa na Wasaf, inda kowa ke gani, lalataccen a hagu, gyararren a dama, ya rubuta a ƙasa: "Marigayi Malam Lawali na Urafane. Allah ya jiƙan surukina." Surukinsa. Ko goro ba a raba ba. Ina son Amani, amma a lokacin da yana kusa da na kwaɗa masa muciya.

"Na cire yanzu," ya ce.

"Mutum nawa suka gani?"

Sai ya hau ba ni haƙuri, na katse kiran.

Ban gama dawowa hayyacina ba saƙon murya ya shigo daga Raihana, 'yar Baba Danda. Raɗa take yi, ina jin ƙarar turmi a bayanta.

"Hamida, kin shiga uku. Baba ya gani. Wurin mai shayi anka nuna mishi, wani ya ce, 'Danda, tun ba a ɗaura ba an maida wanka Buzu,' kowa ya yi dariya. Ya shigo gida bai ce ma kowa komi ba, ko hura bai sha ba. Ya ce in an yi la'asar za shi wurin Kaka. Ni dai na hwaɗa miki."

Na san Baba Danda. In yana faɗa, da sauƙi. In ya yi shiru, magana ta riga ta ƙare a cikinsa. Na ga Juma'a ta rushe a gabana, na ga Amani na komawa Issawane yana gaya wa iyayensa su kwance shiri. Sannan wani tsoron ya danne wannan: Baba zai shigo da zafinsa ya ce a fiddo hoton, Kaka ta warware hula da hannunta ta ga kwali. Gara ta ji daga bakina.

Amma har aka yi azahar ina zagaye tsakar gida. Na share inda na riga na share. Na ɗauko maganin tansiyonta na ajiye kusa da randa, na cika moɗa da ruwa. Ita tana zaune a tabarma ƙarƙashin bedi, itacen dogon yaron gidanmu, tana ɓarar wake, tana bina da ido.

"Ke, wagga zirga-zirga ta mi ce? Tun ba a kai ki ba kin fara haukan amarci?"

Na shiga ɗaki na ɗauko hular, na zo na durƙusa a gabanta na ajiye. Ta dube ni, ta dubi hular, ta warware. Kwalin ya faɗo cikin waken.

Na gaya mata komai, tun daga ruwa har zuwa wurin mai shayi. Ina magana ina kallon jijiyar wuyanta. Ba ta katse ni ba, hannunta dai na kan hular yana shafa ta.

"Na gilashin yana ina?"

"Yana wurin Amani. Bai ɓace ba, Kaka, amma ba ya ganuwa."

"Wanda yaron ya yi hwa?"

"Yana cikin talho. Kaka, ki sha magani tukuna."

"Ɗauko mini madubin idona."

Na kawo mata tabaran nan nata da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Na buɗe hoton na miƙa mata da hannu biyu, na matsa kusa yadda in ta sulale zan tare ta. Ta kai shi nesa, ta dawo da shi kusa. Ta daɗe. Kaji suka zo suna cin waken, ba wanda ya kore su. Sai na ga ta ɗora babban yatsanta a kuncinsa, hoton ya goce, ta janye hannu da sauri.

"Maido shi."

Na maido. Na ce, "Ki yi haƙuri, za a mayar da zanen, kuskure ne."

"Yi mini shiru." Muryarta ta yi ƙasa. "Ke ba ki san wagga huska ba. Danda bai san ta ba. Ubansu ma bai tsaya ya dube ta ba. Ni kaɗai na san ta."

Ban gane ba.

"Haka ya zo. Sumul, kamar tuwon madara. Ɗan fari ne, ba ni da ikon in dube shi gaban mutane, sai in an fita an bar ni da shi in buɗe zane in yi ta kallo. Mako guda ina satar kallonshi. Ran suna wanzami ya zo da sassafe, anka karɓe shi daga hannuna. Ina jin kukanshi daga ɗaki, gwaggona ta ce in na bari hawaye ya fito na ba da kunya. Da anka maido shi duk jini da baƙin tukunya." Ta gyara tabarau. "Ban ƙi zanen ba, namu ne, ya yi mishi kyau. Amma na sha cewa a raina, ko yaya zai zama in ya girma da wadda ya zo da ita. Ashe haka."

Ni da nake jiran ta faɗi, sai ga ni ina kuka ita tana kallon ɗanta. Tun da nake da ita ban taɓa jin ta yi maganarsa mai tsawo haka ba, kullum "ubanki" ne a taƙaice, ta wuce.

Muna haka muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Na rarrafa na koma bayan Kaka kamar 'yar yaye.

Baba Danda ya yi sallama ya shigo, farar riga, carbi a hannu, ido ja. Ya durƙusa ya gaida uwarsa yadda ya saba, ni ko kallo ban samu ba.

"Inna, magana ta kawo ni. Yaron ga da kinka matsa in karɓi iyayenshi, ya ɗauki hoton yaya ya share mishi asali, ya baje ma duniya. Yau ni anka yi ma dariya wurin mai shayi. Tun yana waje ke nan. In ya shigo gida mi za shi sharewa? Za ni aika Issawane su zauna abinsu."

"Ka gama?"

"Na gama."

"To matso ka ga wanka kafin ubanku ya kira wanzami."

Ta juya masa talhon, amma ba ta sake shi ba. Ya so ya kau da kai, sai dai uwa ce. Ya duba. Na ga hannun da ke riƙe da carbi ya tashi ya taɓa kuncinsa, ya sauke da sauri.

"Wanga ba yaya ba ne," ya ce, amma muryar ba ta fito da ƙarfin da ta shigo da shi ba.

"Ni na haife shi, kai ka tarar da shi. Ruwa ya ci hoto, yarinya ta ji tsoro, yaro ya gyara iyakar saninshi. Ni wanga nawa ne, a wanke mini shi babba. Ku kuma masu asali a yi muku naku."

Baba ya daɗe yana jan carbi. Sannan a karon farko ya juyo ya dube ni, na ji kamar in nutse cikin tabarma.

"Ki gaya mishi gobe ya zo. Ba iyayenshi ba, shi. Ya ɗauko injin nashi, ya zauna gabana, ya dubi huskata da kyau, ya maida ma ɗan'uwana abin da ya cire, ɗaya bayan ɗaya, ina kallo. In na duba na ga yaya, Juma'a na nan. In ban gan shi ba, kar wanda ya ɓata isansin motarshi daga Issawane."

Ya tashi ya yi wa Kaka sallama ya fita. Na bi bayansa da ido ina tuna Amani, wanda ko gaisawa da Baba zai yi sai gumi ya jiƙa masa rawani, wai shi ne gobe zai zauna ya ƙura masa ido da linzamin ordinatar a hannu.

"Kaka, ba ni talhon in gaya mishi."

Ko motsi ba ta yi ba. Ta jingina da bedi, ta ɗora talhon a cinyarta, ta kare shi da gefen zane saboda hasken rana. Sai ga shi ya fara ruri, sunan Amani ya fito ɓaro-ɓaro ya rufe hoton. Ya katse, ya sake kira. Na miƙa hannu, ta buge shi.

"Ki ce ma wanga yaro ya bar kira haka nan," ta ce. "Yana rufe mini ɗana."